Yadda Za Ka Ba Talabijin Riƙon Ɗanka

Kai mai ɗa, matso. Kana so ka dawo daga aiki ka tarar da gida shiru, ba mai hawa maka wuya, ba mai tambayar ka me ya sa kaza ba ta da haƙori? Akwai hanya. Ban yi nisa a makaranta ba, amma na ga an bi ta tun daga tushe, kuma ta ci.

Bango ɗaya ya raba ɗakina da falon wanda ya bi ta, bangon kuwa kaurinsa bai fi tafin hannu ba. Mai Walda ake ce masa. Matarsa tela ce, a gida take ɗinki. Ɗansu ɗaya, tun yana zanen goyo uban ya raɗa masa Ɗan Baba. Burin Mai Walda biyu ne a duniya: yaron ya bar shi ya huta, yaron kuma ya buɗe baki ya kira shi Baba.

Na farkon na lamunce maka. Bi matakan nan yadda na jera su. In ba ka sami shiru ba, zo ka aske mini gemu.

1. Ka fara da wuri

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ka jira yaro ya yi ƙafa. In ya ɗanɗani daɗin gudu da faɗuwa da cin ƙasa, ka makara.

Mai Walda bai makara ba. Yaron ko zama bai gama iyawa ba aka dasa shi gaban talabijin, aka tokare shi da matashi hagu da dama kamar randar da ba ta da gindi. Kuka ya ɗauke nan take. Tela ta tambaya, anya idon jariri zai iya da wannan haske? Mijin ya ce shi da yake kallon wutar walda tun yana saurayi, makancewa ya yi? Bai ambaci baƙin gilashin da yake rufe fuska da shi ba. Ita ma ba ta tuna masa ba, don ga ɗinkin mutane jibge a kan kujera, kuma rabon da ta taka keke ba goyo a bayanta har ta manta.

In matarka ta yi irin wannan tambaya, ka amsa da ƙarfi. Amsa mai ƙarfi ba ta neman gaskiya ta rako ta.

2. Ka ba shi mazaunin girma

Ba a ajiye uban riƙo a ƙasa. Mai Walda ya ƙera masa keji na ƙarfe, ya kafe a bango sama da kan kowa, daidai inda hoton mahaifinsa yake a da. Hoton ya koma bayan ƙofa. Aka juya kujeru duka suka kalli wuri ɗaya, ba wanda ya sake zama yana fuskantar wani a falon. Wannan yana da amfani. Fuska ita ke jawo magana.

Soket ɗin bangon ya yi sako-sako, sai an murɗa filogi ta wani ɓangare yake kamawa, Mai Walda kuwa ya hana kowa taɓawa. Shi ke kunnawa da safe kafin ya fita, shi ke sake kunnawa in ya dawo cin abincin rana ya tarar an ɗauke wuta an maido. Da ya sako ƙafa a falo, Tela za ta ɗaga kai daga keke ta ce wa yaron ga Baba, ga Baba. Kafin ta rufe baki gilashi ya haska. Yaron bai taɓa juyawa ya duba ƙofa ba. Inda haske yake, can idonsa yake.

Daga baya Tela ta gano yadda ake murɗa filogin. Ba ta faɗa wa mijin ba. Zaman aure ke nan.

3. Ka ciyar da shi ba da saninsa ba

Yaro mai kallo bakinsa a buɗe yake. Ba bin sa da faranti, ba lallashi, ba rantsuwa cewa wannan ce lomar ƙarshe. Cokali ya shiga, cokali ya fito. Bai san me ya ci ba, bai san ya ƙoshi ba. In faranti ya ƙare ka ƙaro.

Ɗan Baba ya yi kumatu, wuya ya ɓace, cinya tana gugar cinya. Uban yana ɗaga shi a gaban baƙi yana nishi, yana cewa a gidansa ba a san yunwa ba.

Ba sai ka wahala wajen zaɓa masa abin ci ba, talla za ta yi maka. Akwai wani biskit da wata giwa mai jar hula take rawa a kansa tsakanin shiri da shiri. Yaron bai san sunan uwarsa ba, amma yana gane ledar biskit ɗin daga tsallaken titi. In an goyo shi aka wuce kanti ba a tsaya ba, sai ya sandare kamar itace. Haƙoran gaba suka fara baƙi. Mai Walda ya ce ai na nono ne, zubewa za su yi. Gaskiya ce. Wasu ma ba su jira lokacinsu ba.

4. Ka tsare shi daga waje

A waje akwai rana, akwai ƙura, akwai ’ya’yan mutane. ’Ya’yan mutane sun fi duka haɗari, don su ke koya wa yaro tambaya.

Wata rana Tela ta gaji, ta turo shi ƙofar gida ya sha iska. Ina zaune a kan bencina. Ya tsaya yana ƙiƙƙifta ido kamar wanda aka ciro daga rijiya. Yaran layi suna buga ƙwallon tsumma, ta gangaro har gaban ƙafarsa. Ya zuba mata ido, yana jiran ta yi wani abu. Ba ta yi waƙa ba, ba ta canza launi ba. Wata ’yar yarinya ta ce ya bugo. Ya dube ta kamar ita ma shiri ce. Da suka ja hannunsa, bai kai bakin kwata ba ya zauna daɓas yana haki.

Ka duba ribar. Takalmi ba ya cinyewa, sai dai ya yi kaɗan. Wanki ya ragu. Gwiwa ba tabo. Ba uwar wani da za ta zo maka da ƙara. Ɗan kuka ke jawo wa uwarsa jifa, ɗan kallo ba ya jawo komai, ko iska da ƙyar.

5. In ya furta kalma, ka yi shela

Za a fara gunaguni. Sa’o’insa suna zuba kamar kanari, shi sai nuni da yatsa da gurnani. Ka ce manyan mutane ba sa saurin magana.

Abin ya dami Mai Walda, ko da yake bai nuna ba. Ta bango ina jin sa da safe yana cewa, ce Baba, ce Ba-ba, ba amsa sai kiɗan giwa mai hula. Ran nan da rana ya shigo, an maido wuta, ya tsaya gaban kejin da rimot a hannu. Yaron ya ɗaga kai ya dubi sashen da yake tsaye, ya ce, “Baba.”

Saura kaɗan rimot ya faɗi. Mai Walda bai ci abinci ba. Ya koma shago, ya yanka haruffa da ƙarfe, ya manna su a saman ƙofa da wuta: ƊAN BABA WALDA. Ya raba wa maƙwabtan shago lemo. Da yamma ya tsaya gaban bencina, ƙirji a gaba.

“Kawu, ka ji? Ya kira ni.”

Na ce na ji. Na ce ai ko kana shago ina jin sa yana faɗa, duk sanda aka maido wuta.

Ya ce to ai wannan shi ne ɗan albarka, mai kiran ubansa ko ba ya nan. Bege ne. Na dubi Tela, tana bakin ƙofa da almakashi. Ta sunkuyar da kai ta koma ciki.

Kada ka binciki kalmar da ta faranta maka rai. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta.

6. In aka ce ba ya ji, ka kai kunne asibiti

Surukar Mai Walda ta zo ganin jika. Ta yi sallama, ta kira shi, ta tafa hannu, ta yi masa kirari. Ko gezau. Ta tsaya a gabansa, ya karkata kai don ya hango ta gefen zanenta. Tsohuwa ta ajiye jaka ta ce wannan ɗa nasu ba ya ji.

Taurin kai take nufi, da rashin kwaɓa. Amma Mai Walda mutum ne da ƙarar injin yankan ƙarfe ta cinye masa rabin kunne. Shi in an ce ba a ji, kunne ya sani. Washegari ya saɓa yaron sai asibiti, ransa har ya ɗan yi sanyi, don in laifin kunne ne, ba laifin kowa ba ne.

Likita mace ce, mai fararen gashi a goshi. Ta leƙa kunnen dama da ’yar fitila, ta leƙa na hagu. Ta kira shi, bai waiga ba. Ana cikin haka, can ɗakin jira, bayan ƙofa a rufe, talabijin ɗin asibiti ya sako kiɗan giwa, ƙasa-ƙasa yadda uban ma bai ji ba. Yaron ya zame daga kujera ya nufi ƙofa.

Likita ta ajiye fitila. Ta ce kunne lafiya lau, ya ma fi na ubansa. Ta tambaya wa ke yi wa yaron hira a gida. Mai Walda ya gyara zama ya ce hira kam ba a rasa ba, daga safe har dare akwatin nan magana yake, da harsuna iri-iri.

“In yaron ya yi magana, yana tsayawa ya amsa masa?”

Ta ce yaro yana koyon magana ne a bakin wanda zai faɗa, ya yi shiru, ya jira amsa. Ta ce a rage kallo, a fitar da shi wasa, a daina ba shi abinci gaban gilashi, a kuma kai shi a duba masa ido, don ta ga yana matse su.

Da Mai Walda ya dawo, mata biyu suna jira. Ya ce likita ta ce kunne lafiya lau.

Haka ake yi. Maganar likita kamar rake ce, ka tsotse mai zaƙin, ka tofar da sauran. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A gidan nan na ga an yi korar da idona.

7. Kada ka yarda ya mutu

Ka ajiye talabijin na biyu a ƙarƙashin gado. Wannan mataki shi ne ginshiƙi, kuma nan Mai Walda ya yi sakaci.

Wata safiya ya murɗa filogi, sai ƙara fat, sai ƙauri. Gilashi ya yi baƙi. Yaron ya ce, “Baba.” Uban ya ce na’am, ga ni. Yaron bai dube shi ba. Ya miƙa hannu sama wajen kejin yana Baba, Baba, murya tana hawa. Uban ya ɗauke shi, yaron ya yi ta shure-shure har ya same shi a haƙarƙari. Mai Walda ya ce wa matarsa, ba ki gani ba, cewa yake in gyara masa. Mutum in yana son uzuri, ko a cikin toka zai tono shi.

Aka kira mai gyara, wani siririn saurayi da ’yar jakar sukundireba, bai taɓa aure ba. Ya gaida maigida, ya gaida uwargida, ya hau kujera ya kwance bayan akwatin. Ya taɓa nan, ya hura can. Gilashi ya haska, giwa ta bayyana da hularta.

Ɗan Baba ya tashi a guje. Ranar aka fara ganin gudunsa. Ya wuce ubansa, ya rungume ƙafar mai gyara da hannu biyu, ya ɗaga kai yana dariya.

“Baba!”

Keken ɗinki ya tsaya. Ni ma da ke bayan bango na ajiye kofin shayi.

Mai gyara ya dubi yaron, ya dubi Tela, ya dubi damatsan Mai Walda da hannayensa masu tabon wuta. Ya ɗaga hannu biyu sama.

“Wallahi, maigida, yau na fara shigowa gidan nan.”

Sai gilashin ya sake mutuwa. Yaron ya saki ƙafar, ya dubi saurayin kamar bai taɓa ganin sa ba, ya koma kiran Baba wajen bango.

Tela ce ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta daɗe da sani. Haka yake ce wa na shagon mai aski in sun wuce, haka yake ce wa wayarta in ta haska. Ta ce ta so faɗa, sai ta ga an riga an manna haruffa, ƙarfe kuma ba ya gogewa. Ta ce in bai yarda ba ya tambayi Kawu.

Bai tambaye ni ba. Ya durƙusa gaban ɗansa, ya kama kafaɗunsa, ya ce, ni wane ne? Yaron ya dube shi daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a aljihun da rimot yake.

8. Daga nan kada ka bi shi

Abin da ya biyo baya ɓarna ce. Ina faɗa maka ne don ka kauce.

Mai gyara, yana neman hanyar fita da ransa, ya ce in an bar shi ya tafi da shi, gobe-gobe zai dawo da shi garau. Mai Walda ya ce kada ya yi gaggawa, gaggawa aikin shaiɗan ce. Kejin ya ƙi buɗuwa, don shi ya ƙera shi kuma bai ƙera don a buɗe ba. Sai da ya ɗauko injin yanka. Aka fita da akwatin kamar gawa, aka bar ramuka huɗu a bango.

Kada ka tambaye ni kukan da aka sha. Bangona ya sani. Yaron ya yi jifa da cokali, ya ƙi abinci, ya yi birgima, ya ciji kujera. Wata la’asar na ga Mai Walda ya fito da sauri ya nufi layin mai gyara, ido jajur. Ya kai kwana ya tsaya. Ya daɗe tsaye kamar mai jiran mota. Ya juyo.

Ya shiga tafiya da yaron shago da safe, a ƙafa. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba sai ta cinye musu hantsi. Yaron ya zauna yana haki, uban ya tsuguna kusa da shi. Tun da ba abin yi, sai ya riƙa nuna masa abubuwa: akuya, taya, kwata, mai faci. Ya faɗa, ya yi shiru, ya jira. Ashe rabin maganar likita da ya tofar bai yi nisa ba. Jiran ya fi masa ɗaga ƙofar ƙarfe nauyi, don shi mutum ne da in ya buga abu yake so ya ji ƙara.

A shago ya keɓe masa lungu bayan allon katako, nesa da tartsatsi, ya zuba masa manyan notuna da kusoshi marasa tsini ya yi ta jerawa. Aka kai shi wurin masu duba ido, ya dawo da tabarau ɗaure da roba ta ƙeya. Ranar ya tsaya gaban uwarsa ya daɗe yana kallon fuskarta, har ta ji kunya. Aka juya kujerun falo. Hoton tsoho ya fito daga bayan ƙofa ya rufe biyu daga cikin ramukan.

Ka ga sakamakon sakaci. Yaron ya fara ramewa. Gwiwa ta sami tabo. Takalmi ya tsage. ’Yar yarinyar nan ta koya masa “me ya sa”, bai sake ajiye ta ba. Uwar wani ta zo da ƙara. Barcin rana da na yi shekaru ina yi cikin rufin asiri ya zama tarihi.

9. Kada ka sa ran za a maido maka da sunanka

Suna in ka bayar da shi, ya tafi.

A shago yaron yana jin masu zuwa: Mai Walda, ina ƙofata? Mai Walda, tagar nan fa? Wata rana suna cin abinci a ƙasa, gwiwa da gwiwa, ya ɗora hannu kan tabon da ke bayan hannun ubansa, ya ɗaga tabarau ya dube shi cikin ido.

“Mai Walda, ba ni ruwa.”

Tela ta ƙware da dariya har sai da ta fita tsakar gida. Uban ya ce a’a, Baba, ce Baba. Yaron ya juya ya nuna bango, ya yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai da saurin fahimta.

“Baba ya tafi gyara.”

Mai Walda ya tashi ya kawo ruwa.

Da yamma ya zo ya zauna a gefen bencina, bai turo ƙirji ba. Na tambaye shi ko zai gyara wa yaron baki. Ya ce, “Bar shi, Kawu. Wannan dai ni yake nufi.”

Haruffan suna nan a saman shago. Maƙwabta sun ji labari, sun ce ya yanke su ya huta da tsiya. Ya ce a bar su, aiki ne da bai gama ba. Mai gyara kuwa, in ya hango Mai Walda, tsallaka titi yake.

Abin da ba ruwana da shi

Na faɗi abin da na gani. In ka bi matakan nan ɗanka ya yi tumbi, haƙori ya ruɓe, ido ya raunana, baki ya yi nauyi, ko ya rungume ƙafar baƙo a gaban matarka, kada ka doso ƙofata. Ban haifa maka ba, ban murɗa maka filogi ba. Shiru na yi maka alkawari, ban ce ga irin sa ba.

In kuma ka bi Mai Walda ka rasa hutunka, nan ma ba hannuna. Ni aka fi cuta. Ɗazu ma yaron ya zo yana dukan ƙofata da noti, wai yana so ya san me ya sa kaza ba ta da haƙori. Na ce ya je ya tambayi ubansa.

Ya juya a guje. Na leƙa na ga hanyar da ya bi. Ba ta shagon mai gyara ba ce.